Gidan Gado, Maraba da Baƙi

Shekarar da na faɗi jarrabawar bak ta gama sakandare karo na biyu ba ni da wani aiki sai wanke-wanke da karatun littattafan soyayya. Wata mai turare ƴar Damagaram ce take kawo su kasuwa, ƙanana masu siririn bango, an zana mace ta jingina da mota tana kuka. Na sha su har na yarda cewa duk tsohon gida yana ɓoye da wani sirri, kuma duk baƙon da ya yi sallama da la'asar akwai abin da ya ɗauko a zuciyarsa. Saboda haka da na ji wata ƙungiya tana neman masu aikin sa kai don kula da gidajen ƙasa na tsohon garin Agadas, ban yi shawara da kowa ba, na yafa mayafina na tafi.

Biron ƙungiyar ɗaki ɗaya ne, da tabul ɗaya, da buruweti, baron tura kaya, mai ƙafar da take kuka tun kafin a taɓa ta. Shugabanmu tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, muna ce masa Mushe kamar yadda ake kiran kowane malami a wajenmu. Sai Baba magini, wanda ba ya shiga biron, a ƙofa yake zama, wai ɗakin da aka shafe da sima, wato siminti, yana sa masa ciwon kai. Aikinmu shi ne mu bi lunguna mu rubuta gidajen da bangonsu ya tsage, mu roƙi masu su kada su shafa sima, mu yi musu yaɓe da laka kafin damina. Baba ya ce bangon ƙasa numfashi yake yi kamar mutum. In ka toshe masa hanci da sima zai yi maka kyau daga waje, ta ciki kuwa yana ruɓewa.

Gidan da aka ba ni na wata tsohuwa ne da duk unguwar ke kira Inna. Yana cikin wani lungu da jaki biyu ba sa iya wuce juna, in ka tsaya a tsakar gidan kana hango kan hasumiyar masallaci da sandunanta a tsattsaye. Mijinta ɗan ayari ne, shekara da shekaru yana bin raƙuma zuwa ɗaukar gishiri, ya daɗe da rasuwa. Bangon gabas na ɗakinta, wanda ruwa ke fara duka, ya tsage daga indararo har kusan ƙasa. Hannuna yana shiga tsagar har wuyansa.

Ɗanta yana da gidan sima a unguwar Dagmanet. Ya riga ya yanke magana: in ruwan farko ya tarar da bangon nan a haka, zai ɗauke ta, ya sa wa gidan kwaɗo. Ita kuma ta ce daga ɗakin nan sai maƙabarta. Laka muna da ita, an kwaɓa ta da ciyawa da kashin jaki, an tara a ƙofar gida tana ruɓa yadda Baba yake so. Hannu ne ba mu da shi. Mushe yana fama da baya, Baba mutum ɗaya ne, ni ban taɓa ɗaukar abin da ya fi bokiti ba, sauran masu sa kan kuma sai ranar ɗaukar hoto ake ganinsu. Baba ya ce aikin na mutum goma ne, kwana uku.

Ranar da na fara shiga ɗakin na ga abin da na zo nema. Akwai wani babban gadon ƙarfe mai rumfa, a saman kansa kuma, a jikin bangon da ya tsage, ga sawun hannun namiji, yatsu biyar a buɗe, ya lotsa cikin yaɓe.

"Inna, hannun wa ne wannan?"

"Na marigayi."

Na matsa kusa da bangon. Na ga komai: raƙuma a durƙushe a ƙofar gari, shi da rawani, ita tana ɓoye hawaye.

"Ranar da zai tafi ayari ya bar miki, ko? Don in kin buɗe ido ki gani, ki san yana nan tafe?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko akuya tana sallah.

"Kunama ya kashe, ƴar lakwal. Yaɓen bai bushe ba."

Duk da haka na rubuta a kayena, littafin da nake rubuta gidaje, cewa akwai hannu a bango, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Mushe ne ya kawo shawarar allo. Ya ce in aka kafa allo a ƙofar gidan, mutane za su san darajarsa, wataƙila wasu su kawo hannu. Ya rubuta nasa da Faransanci, sai ya tsaya a kan wata kalma, patrimoine, yana buga bik ɗin rubutunsa a haƙori.

"Ke da kike cin littattafan Hausa kamar fara, juya mana wannan."

"Gado ke nan, Mushe. Abin da muka gada daga kakanni."

"Voilà. Rubuta."

Na samo shuɗin fenti na rubuta da manyan baƙaƙe: GIDAN GADO. Wuri ya rage a ƙasa, kuma allon ya yi mini kama da fuskar da ba kwalli, sai na ƙara: MARABA DA BAƘI. Na zana fure a gefe. A baki ba wanda ke ruɗa gadon da ake kwanciya a kai da gadon da magada ke rabawa, ɗaya gajere ne, ɗayan ana jansa. Fenti dai bai san da wannan ba, ni ma ranar ban tuna ba. Na tsaya na kalli furen na ji daɗi.

Kwana biyu da kafa allon, da la'asar, ina bayan ɗaki ina auna tsagar da igiya, aka yi sallama. Da la'asar fa. Na gyara mayafi na leƙa zaure. Maza uku ne, ƙurar hanya ta mai da su kalar bango, kowa da jaka da bidon ruwa a rataye. Na gaban ya naɗe fuskarsa da rawani, ido kawai ake gani. Idanun nan na san su, na karanta su sau ba adadi: masu zurfi, masu gajiya, na wanda ya ratso hamada saboda abu ɗaya.

Ya ce, "Gado uku muke so."

"Mi?"

"Uku. In babu, biyu ma ya isa, wannan ɗan'uwan namu ko a tsaye barci yake."

Ya nuna allon. Daga haƙar zinariya suke, can Cibarakaten, mutanen wajen Maraɗi ne za su gida, motarsu ta lalace sai an yi kwanaki ana gyara. Wata bakwai suna kwana a kan tsakuwa. Suna cikin yawon neman masauki suka ga an rubuta gidan gado, har da maraba, har da fure.

Na fara yi musu bayanin kakanni da tarihi. Ban kai ko'ina ba Inna ta fito tana dogara sanda.

"Su wa ke nan?"

"Baƙi ne, Inna. Sun ɗauka nan ana ba da gadon kwana."

"Gadona ɗaya ne, kuma ina kansa. Wa ya ce musu?"

"Allon ne."

"Mi allon ya ce?"

Na karanta mata, murya ƙasa-ƙasa. Mai rawanin ya kwance rawaninsa don ya gaishe ta da ladabi, sai ga furfura har a gira, haƙoran gaba biyu sun yi ƙaura. Ya girmi babana. Abu na farko da ya tambaya bayan gaisuwa shi ne inda makewayi yake.

Inna ta ce, "Tunda ƙofata ta ce maraba, ba zan ƙaryata ƙofata ba. Ga zaure, ga tabarma. Ke kuma mai fure, dafa musu shayi."

Washegari da hantsi na dawo, ina shiga lungun na ji kuka. Kuka na gaske, mai kirari a ciki. Wata dattijuwa ce a gaba, hannu a ka, ƴaƴanta maza biyu manya a baya, kowa ya saɓa buhun gishiri. Ƙanwar Inna ce daga Tegidda, inda ake shanya ruwan gishiri a ramuka. Ashe wani maƙwabci ya ɗauki hoton allona, hoton ya bi wayoyin dangi har ya isa can. Ta ga ƙofar yayarta an rubuta gidan gado. Ta kira, layi bai shiga ba, a Tegidda sai ka hau tudu kake samunsa. Ba ta tsaya hawan tudu ba, ta ɗaure kaya ta hau mota.

Ta faɗo tsakar gida tana "Wayyo Yaya, kin tafi ba mu gana ba," ta tarar da Inna a kan tabarma tana jiƙa cuku a cikin shayi.

Kukan ya tsaya a tsakiya.

"Yaya! Ba ki mutu ba?"

"Ban samu lokaci ba. Baƙi gare ni."

"To wa ya rubuta za a raba gado?"

Sanda ta nuno ni.

Kafin azahar gidan ya cika. Wasu jikokin ɗan'uwan marigayi su uku sun zo daga wata unguwa, su ba su yi kuka ba, sai dai na ga ɗaya yana taka tsakar gida daga bango zuwa bango yana motsa leɓe. Masu haƙar zinariya suna zaure suna amsa gaisuwar ta'aziyya, don duk wanda ya shigo su yake fara tararwa a kan tabarma, kuma ba su ga dalilin da zai sa su ƙi cewa amin ba. Sai ga ɗan Inna a kan moto daga Dagmanet, ko kashe ta bai yi daidai ba ya shigo.

Na ruga na kira Mushe. Ya zo da rigar taro, ya tsaya a tsakiyar mutane, ya gyara murya irin ta aji.

"Jama'a, a kwantar da hankali. Kuskuren fahimta ne. Wannan gida gado ne, amma ba na mutum ɗaya ba. Gado ne na gari, na ƙasa, kai, na duniya baki ɗaya."

Mai taka tsakar gidan ya tsaya cak.

"Duniya baki ɗaya? Mu nawa ke nan za mu raba?"

"Har da Anasara?" in ji ta Tegidda.

"Musamman ma su, suna zuwa daga nesa don..."

"Ɗaki biyu da zaure fa, Mushe!"

Inna ta ajiye kofin shayinta. "Ku bar shi. Mutumin da ake ce wa mushe yana yawo da ƙafafunsa, ba mamaki ya raba gadona ina zaune."

Kowa ya yi dariya ban da ɗanta. Ya durƙusa a gabanta, ya yi magana a hankali, kuma wannan ya fi ihu tsorata ni.

"Inna, ya isa. Jiya gidanki masauki, yau gidan makoki, ga bango ana ganin rana ta cikinsa. Dubi gabas. Ki sa a haɗa miki kaya, yau za mu tafi."

Na dubi gabas. Hadari ne can ƙasa, bai taso ba tukuna, amma ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Na dubi Inna. Shekara nawa tana riƙe da ɗakin nan, ni na zo da gwangwanin fenti na ba ɗanta hujjar da yake nema. A littattafan da na sani, a irin wannan wuri yarinya takan faɗi sumammiya a yayyafa mata ruwa. Na jira, ban suma ba. Na tsaya kawai da kayena a hannu.

Inna ta miƙe. Ta ce, "Waɗanda suka zo gado, ku biyo ni in nuna muku."

Suka bi ta, har da mai awon ƙafa. Ta zagaya da su bayan ɗaki, ta zura sandarta cikin tsagar har rabi.

"Ga shi nan. Wannan ne gadonku. In ruwa ya same shi haka, ku zo da kwano kowa ya ɗebi rabonsa na ƙasa." Ta juya wajen zaure. "Ku kuma masu neman gado, ga nawa can a ɗaki. Ku fitar da shi tsakar gida don a samu wurin aiki. Muddin yana waje, naku ne, ku yi ta kwanciya bi da bi."

Dattijon mai rawani ya dubi gadon ta ƙofa, ya dubi tulin lakar. Ya tuɓe takalmi ya naɗe wando.

"Wata bakwai muna haƙar ƙasa ba ta ba mu komai ba. Bari mu tattaka wannan ko don ramuwa."

Ya shiga lakar har gwiwa. Ƴan'uwansa suka bi shi. Jikokin nan uku ma suka ji kunya suka shiga. Ta Tegidda ta dubi ƴaƴanta, suka ajiye buhunan gishiri. Sannan ta juya kan ɗan Inna.

"Kai kuma, ɗan nan, ubanka bai taɓa fita ayari ba sai ya yaɓe bangon nan da hannunsa. Kai hannunka na riƙe kan moto ne kawai?"

Ya ce, "Inna ƙarama, ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Ya dubi hadarin. Ya ce in an gama kafin ruwa, shi ke nan, in ba a gama ba, maganarsa tana nan. Ya cire agogo ya sa a aljihu.

Na aika aka kira Baba magini. Da ya shigo lungun ya ga ƙarti a cikin lakarsa, bai tambayi daga ina suke ba. Ya ƙirga su da ido, ya ce wa na farko, "Da dunduniya ake takawa, ba rawa ka zo ba."

Kwana uku muka yi. Ni aka ba ɗaukar ruwa, daga pampo zuwa tulin laka, da buruwetin nan mai kuka. Ba littafin da ya taɓa gaya mini warin lakar da ta kwana bakwai da kashin jaki, ko yadda take shiga ƙarƙashin farce ta ƙi fita. Maza suka yi layi, ana curo laka ana jefa wa na gaba, har ta kai ga Baba a kan tsani, shi kuma ya maka ta a bango ya shafe da tafin hannu. Ya fara cike tsagar da tubali ƙanana, yana yi yana zagin wanda ya bar indararo ya toshe. Mushe ya zauna a inuwa yana riƙe da baya, yana gaya wa masu wucewa cewa wannan shi ake kira mobilisation. A tsakar gida kuwa gadon ƙarfe yana tsaye da rumfarsa a ƙarƙashin sama, ko da yaushe da ƙato ɗaya a kai, laka har kunne, yana minshari, na biye da shi yana tsaye yana jira.

Rana ta uku aka zo yaɓen ciki. Na sha gaban Baba.

"Baba, don Allah ka zagaye hannun nan. Tarihi ne."

Ya dubi Inna. Ta ce, "Rufe shi. Daga nan tsagar ta faro."

Ya ɗebo laka ya maka a kai, shafa biyu, ya wuce gaba. Na fita bayan garken awaki na yi kukana, wata akuya tana cin gefen mayafina.

Da yamma aka gama, maza suka tafi wanka, aka bar gadon a waje sai bango ya sha iska. Na ɗauko matashin Inna zan kai mata ɗaki. A bakin ƙofa na tsaya. Tana tsaye ita kaɗai, ta jingine sanda, ta miƙa hannun dama ta danna shi a sabon yaɓen, daidai wurin. Ta daɗe a haka. Da ta cire, yatsu biyar suka fito, ƙanana, ɗaya a karkace.

Ta juyo ta gan ni.

"Dubawa nake ko ya bushe."

"Ya bushe, Inna?"

"Da saura. Kawo matashin, kin tsaya kamar an dasa ki."

Ruwa bai zo ba sai bayan kwana biyu, da azahar, da iska a gabansa. Ya daki bangon gabas kamar da gayya. Muna ɗaki ni da Inna da ƙanwarta, an mai da gado wurinsa, muna jin indararo yana zuba a lungu. Inna tana jan carbi, idonta a kusurwar da tsagar take a da. Ko ɗigo bai shigo ba. Da aka ɗauke, ɗanta ya iso, moto da shi duk taɓo. Ya zagaya bayan ɗaki, ya danna bangon da babban yatsa a wuri uku, ya dawo ya zauna a bakin tabarma. Ya ce ko akwai sauran shayi. Maganar Dagmanet ba ta sake tasowa ba.

Masu zinariya suka samu motarsu suka tafi. Dattijon ya yi mini sallama ya ce Allah Ya ba ni miji mai gado. Har yau ban san wanne yake nufi ba. Ta Tegidda ta bar gishirin ta'aziyyar, awakin Inna suka yi wata suna lasa.

Mushe ya kira taro a biro don a gyara kalmar. Aka yi ta kai da kawowa har aka tsaya a kan gidan tarihi, aka ba ni sabon fenti. Na je zan cire tsohon allon, Inna ta tare ni a zaure.

"Ina za ki da shi?"

"Kuskure ne, Inna. Za a sa daidai."

"Daidan zai kawo mini ƙarti tara?"

"A'a."

"To bar mini kuskurena. Baɗi ma akwai yaɓe."

Allon yana nan, furen ya koɗe ya zama kamar tabon shayi. Na ci gaba da zuwa gidan ko da ba aikin ƙungiya, kuma har yanzu, in damina ta gabato, akan samu baƙon da zai yi sallama da la'asar ya ce gado yake nema. Ni dai ban daina duba idanu ba. Inna takan fito da sandarta ta amsa sallamar, ta ƙare wa damtsensa kallo, sannan ta ce in ɗora shayi.